Kuka Har Shiɗewa: Nazarin Lamarin Wata Yarinya Mai Wata 19

Yarinyar tana da wata 19 lokacin da aka kawo ta sashen yara na asibitin da nake aiki. Uwarta ce ke riƙe da ita, ubanta na biye, sai kakarta ta wajen uba da ta shigo daga ƙarshe ta samu kujera ta zauna, bayan gaisuwa ba ta ƙara cewa uffan ba. Ita kuwa wadda aka zo dominta ko zama ba ta yarda ta yi ba. Ta zame daga cinyar uwarta, ta zagaya bayan tebur tana jan igiyar abin awon hawan jini. Idan ba a gaya maka ba, ba za ka ce ita ce marar lafiyar ba.

"Likita, kuka take yi har ta shiɗe," in ji uwar. "Numfashin ya ɗauke gaba ɗaya. Sau uku ke nan tana mutuwa a hannuna, Allah yana dawo min da ita."

Ban ɗauki maganarta ƙarin gishiri ba. Duk wanda yaro ya taɓa shiɗewa a hannunsa ya san abin da ido ke gani ke nan.

An haifi yarinyar a kan lokacinta, lafiya lau. Ta zauna, ta yi rarrafe, ta fara tafiya da shekara ɗaya, yanzu tana kiran sunayen 'yan gidansu da wasu 'yan kalmomi. Rigakafinta cikakke ne, kuma ba ta taɓa jijjiga da zazzaɓi ba. Abin ya fara ne tana wata 11. A lokacin, in ranta ya ɓaci sai ta buɗe baki kamar za ta tsala ihu, sautin ya ƙi fitowa, leɓɓanta su yi duhu, can sai ta ja numfashi ta ci gaba da kukanta. Tunda ba ta sumewa, ba wanda ya damu sosai. Daga wata 16 ne abin ya tsananta. Ya koma sau uku ko huɗu a mako, kuma sau uku cikin wata biyun da suka wuce ta sume, jikinta ya saki.

Na roƙi uwar ta ba ni labarin na ƙarshe daki-daki, kada ta tsallake komai. A wannan lalura labarin shi ne mafi yawan aikin, domin abin da likita ke nema shi ne jerin yadda abubuwa suka zo: me ya fara, me ya biyo baya. Ta ce da yamma ne, yarinyar ba ta yi barcin rana ba. Yayanta mai shekara huɗu ya fizge wata 'yar mota daga hannunta. Ta tsala ihu sau biyu, a na uku sai ga baki a buɗe babu sauti. Na tambaye ta tsawon lokacin da aka ɗauka. Ta ce, "Wallahi ya kai minti goma."

Nan uban ya miƙo wayarsa. Wata ma'aikaciyar jinya da suka fara gani ce ta ba shi shawarar ya ɗauki bidiyo in abin ya sake faruwa, shi kuma ya daure ya ɗauka duk da hannunsa na rawa. Muka kalla tare. Yarinyar na tsaye, baki a hangame, ƙirjinta ya sauka bai ƙara tashi ba. Leɓɓanta suka yi duhu, gefen bakin ya yi fari-fari kamar toka. Ta gantsare, idanu suka juya sama, hannuwanta suka fizga sau uku ko huɗu, sannan jikin ya saki. Can sai wani dogon jan numfashi mai ƙara, launin leɓɓan ya fara dawowa, ta buɗe ido tana kuka a hankali. Daga ɗaukewar sauti zuwa jan numfashin sakan 40 ne da 'yan kai. Muka mayar da bidiyon baya, uwar ta sake kallo tana bin agogon da ido. Ba ƙarya ta yi ba da ta ce minti goma. Haka lokaci yake ja wa uwar da ke jiran numfashin ɗanta.

Sai dai a cikin bidiyon akwai abin da ya fi shiɗewar tayar min da hankali. Kakar ta karɓe ta daga hannun uwar, ta ɗaga ta tsaye tana girgiza ta, kan yarinyar na lilo gaba da baya. Wani ya kwara mata ruwa a fuska. Ana jin muryar wata tana cewa a kawo cokali kada ta ciji harshenta. Dukansu ƙauna ce ta sa su, amma a cikin waɗannan sakan 40, abin da manya suka yi ne kaɗai zai iya yi wa yarinyar lahani.

Abin da ke faruwa a jikin yaron

Shiɗewar kuka tsohuwar aba ce a ilimin lafiyar yara, kuma ba ta da wuyar gamuwa. Kusan yara 5 cikin 100 ne ke yin ta. Yawanci takan fara tsakanin wata 6 zuwa wata 18, ta fi yawa wajen shekara biyu, yawancin yara su daina kafin shekara huɗu ko biyar, kusan dukansu kuma kafin shekara shida. A 1967 wasu likitoci biyu a Amurka, Lombroso da Lerman, suka wallafa binciken da ya raba ta gida biyu, kuma har yau da wannan rabon ake aiki.

Kashi na farko, wanda ya fi yawa, shi ne na wannan yarinya: fushi ko takaici ne ke tayar da shi, yaro ya yi kuka, numfashi ya tsaya, leɓɓa su yi duhu ko shuɗi. A yaro mai duhun fata ba a kumatu ake ganin canjin ba, a leɓɓa da harshe da dasashi da farce ake dubawa. Kashi na biyu ciwo ko firgita ne ke kawo shi, kamar yaro ya buga kansa ko a tsorata shi ba zato. Shi wannan ko kukan kirki ba a yi, sai dai a ga yaro ya yi fari fat ya sulale ƙasa. Dalilinsa wata doguwar jijiya ce da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya, wadda aikinta rage saurin bugun zuciya. A irin waɗannan yara takan wuce gona da iri, zuciya ta yi jinkiri ko ta dakata na 'yan sakanni, sannan ta ci gaba da kanta. Akwai yaran da ke yin duka biyun.

Abin da na fi ɓata lokaci ina yi wa iyayen bayani shi ne inda numfashin ke tsayawa. Babba in zai riƙe numfashi da gangan, sai ya ja iska ya cika ƙirji tukuna. Yaron da ya shiɗe akasin haka yake yi. Ya fitar da iskarsa duka da ihu, sai numfashin ya maƙale a nan, huhu kusan babu komai. Ƙaramin yaro ajiyar iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, jikinsa kuma yana cin ta da sauri, shi ya sa cikin 'yan sakanni leɓɓa ke canza launi. Ga kuma matsin da yunƙurin kuka ke sa wa ƙirji, wanda ke rage jinin da ke komawa zuciya. Ƙwaƙwalwa ta samu ƙarancin jini da iska na ɗan lokaci, sai yaro ya sume. To sumewar nan, wadda ita ce ta fi tsorata iyaye, ita ce kuma ƙarshen abin. Da zarar ya sume, maƙogwaro da ƙirji sun saki, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi ba tare da sanin mutum ba sai ya karɓi aikinsa, numfashi ya dawo. Ba ruwan da aka kwara ne ya dawo da shi ba, ba kuma girgizar ba. Ko ba a taɓa shi ba zai dawo.

Wannan ya kai mu ga maganar da sai na maimaita ta a kusan kowane gida: yaron ba da gangan yake yi ba. Fushin nasa ne, gaskiya, amma tsayawar numfashin ba a hannunsa take ba.

Me ya sa ba farfaɗiya ba ce

Uban bai faɗi kalmar ba sai da na faɗe ta. Da na ce, "Malam, ina jin farfaɗiya kake tsoro," sai ya sunkuyar da kai ya ce tun ranar da ya ga hannuwanta na fizga bai sake samun natsuwa ba. Har wani abokinsa ya ba shi sunan maganin farfaɗiya ya ce a gwada, Allah ya sa bai saya ba. Yana so a yi mata hoton ƙwaƙwalwa.

Muka koma kan bidiyonsa, domin amsar tana ciki. A shiɗewar kuka kullum akwai abin da ya tayar da ita: an ƙwace wani abu, an hana wani abu, an buge. Kuka ne farko, sai tsayawar numfashi, sai canjin launi, sannan sumewa, fizgar jiki kuma in za ta zo a ƙarshe take zuwa. A farfaɗiya jerin yakan juya. Yawanci babu abin da ya tayar da ita, tana iya zuwa yaro na wasa ko yana barci, sanƙarewa da jijjiga su ne farko, canjin launi daga baya. Bayanta kuma yaro kan daɗe a ruɗe ko cikin barci mai nauyi. Wannan yarinya kuwa cikin minti biyu ta gane uwarta, ta nemi a ɗauke ta, bayan ɗan barci ta tashi ta ci gaba da wasa. Ba ta taɓa yin abin tana barci ba, ko sau ɗaya.

Fizgar hannun da ya gani ƙwaƙwalwa ce ta amsa ƙarancin iska na ɗan lokaci, kamar yadda babban da ya sume kan yi fizga ɗaya ko biyu. Maganin farfaɗiya ba ya hana shiɗewar kuka, sai dai ya sa wa yaro kasala da barci a banza. Idan labari ya fito fili haka kuma gwajin jikin yaro lafiya, ba a buƙatar hoton ƙwaƙwalwa ko awon lantarkinta da ake kira EEG. Na gaya masa hakan, na kuma gaya masa yanayin da zai sa in canza ra'ayi.

Gwajin da na nema maimakon haka shi ne na zuciya, wato ECG. Akwai wata lalurar lantarkin zuciya ta gado, ba ta da yawa amma tana da haɗari, wadda kan sa yaro sumewa lokacin firgita ko motsin rai, har a ɗauka shiɗewar kuka ce. A takardar ECG ana ganin ta a tsawaitar wani sashe da ake kira QT. Don haka na tambayi iyalin ko akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi a danginsu, ko wanda ya nutse a ruwa alhali ya iya iyo, ko wanda aka haifa kurma, domin wani nau'in lalurar kan zo tare da kurumta. Babu ko ɗaya. Gwajin ma ya fito lafiya.

A nan ne kakar ta yi magana karo na farko. "Ai uban ma haka ya yi," in ji ta. "Har ya fi ta. Sai da ya kusa shiga makaranta ya daina."

Uban ya juyo yana kallonta, domin bai taɓa jin wannan ba. Na ce, "Mama, kun taimake mu da wannan magana." Lalurar takan bi dangi, a cikin yaran da ke yin ta, kusan ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku akan samu wani a gidansu da ya yi. Kuma babu bayanin da zan yi wa uwar da zai kai ganin mijinta zaune gabanta, lafiyayye mai hankali, alhali shi ma ya sha shiɗewa a hannun tasa uwar.

Jinin

Da na duba yarinyar, nauyinta kilo 10 da ɗan ɗori, daidai da shekarunta. Zuciya da huhu lafiya, tafiya da motsi lafiya. Amma cikin fatar idonta da tafin hannunta sun yi haske fiye da yadda nake so. Na tambayi abincinta. Uwar ta ce ba ta son abinci, madara kawai take sha, dare da rana, in an hana ta kuma ta yi kukan da zai kai ga shiɗewa, don haka ba a hana ta.

Gwajin jini ya nuna himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya sauka zuwa 9.1, ƙwayoyin jinin ƙanana, feritin kuma, wato ma'aunin ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, ƙasa da 12, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙarancin jini ne na rashin sinadarin ƙarfe. Ajiyar da jariri ke zuwa duniya da ita takan ƙare wajen wata shida, daga nan sai abin da ya samu a abinci. Madarar shanu ƙarfen cikinta kaɗan ne, ga ta tana cika cikin yaro ya ƙi cin wani abu.

Alaƙar shiɗewar kuka da ƙarancin ƙarfe sananniya ce. An yi gwaji a ƙasar Jodan da aka wallafa a 1997, inda yaran da aka ba ƙarfe shiɗewarsu ta ragu ƙwarai fiye da waɗanda ba a ba ba, kuma bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci tana tantance shi, ta fitar a 2010 ta ƙarfafa hakan, musamman ga yaran da jininsu ya yi ƙasa. Yaro mai ƙarancin jini ajiyar iskarsa ta ƙara raguwa, ga shi da saurin fushi da rigima, ƙarfe kuma yana cikin abubuwan da jijiyoyi ke buƙata don aikinsu. A ra'ayina duk yaron da ke shiɗewa akai-akai ya cancanci a auna jininsa. Gwaji ne mai sauƙi, kuma shi ne wuri ɗaya da ake da magani a hannu. Abin takaici ne a sallami irin wannan uwa da "ba komai, za ta daina" ba tare da an ko ja fatar idon yarinyar an duba ba.

Na rubuta mata ruwan maganin ƙarfe gwargwadon nauyinta. Ƙa'idar ita ce miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo a rana, kuma likita ne ke lissafa shi. Na gargaɗi uwar cewa kashin yarinyar zai yi baƙi, kada ta tsorata, yana iya sa taurin ciki, yana kuma iya ɓata launin haƙori in ba a goge ba. Kada a haɗa shi da madara ko shayi, domin suna hana jiki tsotse shi. A rage madarar zuwa kusan rabin lita a rana, a hankali, a ƙara abinci mai ƙarfe. Kwalbar kuma a ajiye ta inda ko yayanta ba zai kai ba, domin yawan maganin ƙarfe guba ne mai kisa ga yaro.

Gidan

Magani da gwaji su ne mai sauƙin. Abin da shiɗewar ta yi wa gidan shi ne ya fi ɗaukar mana lokaci.

Uwar ta daina barcin kirki. Takan farka sau da yawa cikin dare ta ɗora hannu a ƙirjin yarinyar. Ta daina barin ta da kowa, ko wanka za ta shiga sai da ita. Duk abin da yarinyar ta nuna da yatsa ana ba ta, ko wayar uban ce, ko almakashi ne sai an yi dabara. Yayan kuwa shi ya zama mai laifi kullum. In ƙanwarsa ta yi kuka shi ake yi wa tsawa, har ranar nan ta 'yar mota an ce masa ya kusa kashe ta. Yaro ɗan shekara huɗu yakan yarda da irin wannan magana. Uwar ta ce ya fara fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, amma ba ta haɗa abin biyu ba.

Kakar tana ganin zuciya ce kawai da sangarta, kuma laifin uwar ne. Uwar tana ganin surukarta ba ta tausayin yarinyar. Uban yana tsakiya, ya yi shiru da tsoronsa.

Na ce wa kakar, "Mama, kuna da gaskiya a wuri ɗaya. Ba a ba yaro duk abin da yake so don gudun kuka." Ta gyaɗa kai. Na ce, "Amma shiɗewar ba sangarta ba ce, kuma ba a dukan yaro ko a yi masa tsawa a kanta, tunda ba shi ke yin ta ba. Girgizar nan kuma ina roƙonku a daina ta." Na yi mata bayanin cewa kan ƙaramin yaro yana da nauyi, wuyansa ba ƙarfi, balle yaron da ya sume jiki ya saki. Girgiza mai ƙarfi tana iya tsinka ƙananan jijiyoyin jini a cikin kai, ta jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, makanta, ko mutuwa. Ɗaga shi tsaye ma yana ƙara rage jinin da ke zuwa kai, ya tsawaita sumar. Ruwa a fuska yana iya bi ta hanyar iska lokacin da ya ja numfashin farko. Cokali ko yatsa a baki kan karya haƙori, ya ji wa dasashi rauni, ko ya sa amai. Ba wanda ke haɗiye harshensa.

Ta yi shiru, can ta ce, "To me za a yi? A zuba mata ido?"

Tambaya ce ta gaskiya, domin mutum ba ya iya tsayawa hannu rabbana yana kallon jikarsa. Dole a ba shi aikin yi. Na ce a kwantar da ita a ƙasa ta gefe ɗaya, a kawar da duk abin da za ta buge, in akwai abinci a bakin gaba wanda ake gani a cire shi ba tare da zura yatsa ciki ba, sannan a dubi agogo ko a ƙirga da baki. Na ɗauki 'yar tsanar da muke koyarwa da ita na nuna, na sa uwar ta gwada, na sa uban, kakar ma ta tashi ta gwada. In ta farfaɗo, a rungume ta kamar yadda ake yi wa kowane yaro da ya yi kuka, a bar ta ta huta, ba taron jama'a a kanta, ba kuma miƙa mata abin da aka hana ta tun farko. In an hana almakashi kafin shiɗewa, bayanta ma an hana.

Sannan akwai abin da za a iya ragewa tun kafin a kai ga kukan. Yawancin shiɗewar yarinyar da yamma take zuwa, a ranakun da ba ta yi barcin rana ba ko ta daɗe ba ta ci ba. Barci a kan lokaci, abinci a kan lokaci, ɗauke hankalinta zuwa wani abu da zarar an ga rigima na tasowa, da kawar da abubuwan da ba a so ta taɓa daga inda idonta zai kai, duk suna rage yawan faɗan. Ba za a iya hana yaro ɗan shekara biyu kuka gaba ɗaya ba, kuma bai kamata a gwada ba. Game da yayan, na roƙi uban ya zaunar da shi ya gaya masa da bakinsa cewa ba shi ke sa ƙanwarsa shiɗewa ba.

Na rubuta musu a takarda lokacin da za a garzayo asibiti ba jira: in numfashi bai dawo ba bayan minti ɗaya, in ba ta farfaɗo ba cikin minti biyu, in jijjiga ta wuce minti ɗaya, in abin ya zo ba kuka ba ciwo ba firgita, in ya zo tana barci ko da zazzaɓi, in ta buga kai da ƙarfi wajen faɗuwa, ko in bayan ta farfaɗo ta kasa komawa daidai. Na ƙara da cewa jaririn da bai kai wata shida ba in numfashinsa ya tsaya ko launinsa ya canza, ba a kiran wannan shiɗewar kuka a zauna a gida, likita ake kai shi a ranar. Kuma kowane yaro, karon farko da ya sume, a kai shi a duba, domin likita ne zai tabbatar da sunan abin.

Uwar ta ninke takardar, sannan ta yi tambayar da na san tana riƙe da ita tun shigowarta. "Likita, ba zai taɓa mata ƙwaƙwalwa ba?" Na ce a'a. Sakannin da ake yi ba su kai su yi wa ƙwaƙwalwa lahani ba, kuma yaran da aka bi diddiginsu har suka girma hankalinsu da karatunsu daidai suke da na sauran yara. Shiɗewar ba ta rikiɗewa ta zama farfaɗiya. Abin da aka lura da shi kawai shi ne wasu daga cikin masu nau'in yin fari kan zama masu saurin sumewa in sun girma, misali wajen ganin jini ko allura. Ƙarancin ƙarfen da ba a yi magani ba shi ne ke iya shafar girman ƙwaƙwalwar yaro, kuma shi muka riga muka fara magancewa.

Dawowa

Bayan mako huɗu suka dawo. Uwar ta kawo 'yar takardar da na ce ta riƙa rubuta ranar kowace shiɗewa da abin da ya jawo ta. Sau biyar a watan, ɗaya ce kawai ta kai ga sumewa. Makon farko na rage madara ya yi wuya, ta ce, har ta kusa haƙura.

A ranar aka yi abin a gabanmu. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya soki yatsan yarinyar don ɗibar jini, ta tsala ihu, ta sake, sai baki ya tsaya a buɗe. Leɓɓan suka fara duhu. Na matso, amma uwar ta riga ni. Ta kwantar da ita ta gefe a kan gadon gwaji, ta dafa bayanta da hannu ɗaya, tana ƙirgawa a fili, muryarta na rawa: ɗaya, biyu, uku. Hawaye na zubo mata amma ba ta daina ƙirgawa ba. A ashirin da biyu yarinyar ta ja numfashi, ba ta ma kai ga sumewa ba. Uwar ta ɗauke ta ta rungume, ta dubi mai gwajin ta ce, "Ka samu jinin ko sai an sake?" Ya samu. Himogulobin ya hau zuwa 10.4, alamar cewa maganin yana shiga. Na yi amfani da damar na jaddada mata cewa kada tsoron shiɗewa ya sa a tsallake allurar rigakafi ko gwajin jini. A dai gaya wa mai yin allurar tun kafin ya fara, a kuma yi ta yarinyar na kwance ko a cinya.

A wata na uku jinin ya kai 11.6, shiɗewa biyu a watan gaba ɗaya, ba sumewa. Ban ce musu ƙarfen kaɗai ya yi aikin ba, domin barcin rana ya daidaita, rigimar gidan ta lafa, yarinyar kuma ta samu ƙarin kalmomin da za ta faɗi abin da take so maimakon ihu. Yayan ya daina fitsarin kwance. Kakar ba ta zo ba wannan karon, amma uban ya ce ita ce ta koya wa mai rainon yadda ake kwantar da yarinyar ta gefe.

Za a ci gaba da maganin ƙarfen wata biyu nan gaba don a cika ajiyar jiki, sannan a sake auna jinin kafin a tsayar. Na gaya musu shiɗewar tana iya ɗagawa ta dawo, musamman lokacin rashin lafiya ko wani canji a gida, har zuwa shekara huɗu ko biyar. Uwar tana da ciki wata biyar, ta tambaya ko na cikin ma zai yi. Na ce yana iya yi tunda abin yana cikin dangi, yana iya ƙin yi. Na tura ta ɗakin awo a duba nata jinin, domin ajiyar ƙarfen jariri daga jikin uwa take fitowa, na kuma rubuta musu ranar dawowa.